Na biya kuɗin tikiti, hoto kawai aka turo min

Maman Ilham, Jidda: Salamu alaikum 'yan uwa, kaina ya kulle. Tun da aka fara Riyadh Season, bikin nishaɗin nan na birnin Riyad, a 2019 yaran nan ke kallonsa a Snapchat. Bana Ilham ta haddace izu biyar, na yi mata alkawarin kai ta Boulevard World, ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawa na bikin. Maigidan bai so ba sai da yayarsa ta sa baki. Wata 'yar adashinmu ta haɗa ni da wani, na tura masa kuɗin tikitin mutum huɗu. Hoton lambar QR kawai ya turo ta WhatsApp, tun jiya wayarsa a kashe. Alhamis za mu tashi. Ya zan yi?

Baban Walid: Hajiya, an yi miki sakiyar da ba ruwa. A manhajar webook ake sayen tikitin, ya zauna cikin asusunki. Hoto kuwa mutum goma zai iya tura wa, wanda ya riga isa ƙofa shi ya ci.

Ummu Sadik: Ni dai maƙwabciyata da hoto ta shiga bara. Ki je kawai, Allah na nan.

Baban Walid: Sa'a ta yi. Tsakanin Jidda da Riyad ya haura kilomita 900, da yara za ta je gwaji?

Ɗan Karantina: Ko kin shiga ma me za ki gani? Na je bikin kiɗa na Soundstorm a Banban kusa da Riyad, bayan wayoyin mutane kawai na kalla, kowa ya ɗaga tasa sama yana bidiyo. Cajina ya ƙare, abokaina suka ɓace min cikin sanyin Disamba. Ki tafi da abin caji.

Inna ta Shara Mansur: 'Yata, ladan hadda sai wajen kiɗa? Kawo ta Umra.

Maman Ilham: Inna, ba kiɗa za mu ba, lilo ne da abinci. Baban Walid, katina ne ya ƙi a manhajar, shi ya sa na bi ta hannun wani. Kuma mutumin ba baƙo ba ne, 'yar adashinmu ta san matarsa.

Baban Walid: To ta karɓo miki kuɗinki. Ki sayi sabo yau da katin maigida.

Maman Ilham: Ai bai san ta hannun wani na saya ba.

Ummu Sadik: Ranar Alhamis ɗin ma hoton ya nuna kuwa?