Kaskon huci: sunan da nake nema wa eya firaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kalma guda nake nema, kuma ina roƙon masu dafa abinci da masu sanin Hausa su sa baki. Na riga na tambayi mutane, sun kawo shawarwari da ƙorafi, ga kuma inda na tsaya.

Wata huɗu ke nan da na sayo na'urar nan da ake kira eya firaya (a Turance, mai suya da iska) a kasuwar Alaba da ke Legas, kuma tun ranar da ta shigo gidana a Agege ba ta da suna. Yara "abin nan" suke ce mata. Inna, mahaifiyar maigidana, da ta zo mana daga Katsina, ta tambaye ni sunanta, na faɗa mata na Turanci, ta gwada sau biyu ta bari. Abin ya tsaya mini a rai. Kayan da ake taɓawa kullum a kicin bai kamata a ce tsohuwar gida ba ta iya kiran sunansa ba.

Ga wanda bai taɓa buɗe ta ba, ga yadda take. A sama akwai ƙarfe naɗaɗɗe mai yin ja idan wuta ta shige shi, irin na hitar dafa ruwa. A bisa ƙarfen akwai fanka. A ƙasa kuma kwando ne mai huji-huji da ake jawowa kamar durowa, a nan ake zuba abinci. Fankar ce ke tura zafin ƙarfen ya zagaye abincin ta sama da ƙasa, zafin kuma yakan kai digiri 200. Ke nan babu mai da abinci ke nutsewa a ciki, sai ɗan cokali guda da za ki shafa idan kin so. Kamfanin Philips ne ya fara fito da ita kasuwa da wannan suna a shekarar 2010, a bajekolin kayan lantarki na birnin Berlin a Jamus, daga ƙirar wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij. Sunan da suka sa mata na talla ne, don mai saye ya ji kamar zai ci soyayyen dankali ba tare da kitse ba.

Abin da ya sa na ɗauki maganar suna da zafi shi ne abin da ya faru da wata maƙwabciyata. An ce mata akwai injin da ke suya ba mai. Da tsadar man gyaɗa a Legas, wa zai ji haka bai miƙe ba? Ta tara kuɗinta ta saya, washegari ta markaɗa wake ta zuba ƙullun ƙosai a kwando. Ƙullun ya bi huji ya tsiyaye ƙasa, abin da ya rage ya bushe kamar ɓawon itace. Ta zo mini ranta a ɓace tana cewa an cuce ta. Na'urar lafiyarta ƙalau. Bayanin da aka yi mata ne ya karkace, kuma daga sunan ya fara.

Shawarar farko da na samu ita ce a fassara kai tsaye: kaskon iska, ko tukunyar iska, ko injin suyar iska. Malam mai wannan shawara, na gode da ƙoƙari, amma ka furta shi da ƙarfi ka ji. A bakin Bahaushe, duk abin da aka jingina wa iska ya zama na banza. Aikin iska, zancen iska, yawon iska. Idan na ce wa mace na sayo kaskon iska, za ta ɗauka zagin kaskon nake yi. Ga kuma ma'anar iska ta ɓangaren aljanu, wadda ba wanda ke son ta kusa da abincinsa. Wannan hanya a rufe take.

Wani ɗan uwa mai karatun harshe ya ce a bi ƙa'idar da ta ba mu mabuɗi daga buɗe, da matsefi daga tsefe, da mazubi daga zuba. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai idan aka ɗora ta a kan soya, abin da zai fito shi ne masoyi, kuma kowa ya san wannan gurbi da mai shi. An kuma kawo na'urar suya marar mai. Ma'anar ta fita, amma ta yi tsawo. Babu uwar da za ta ce wa ɗiyarta "je ki kashe na'urar suya marar mai" alhali kaza na ƙonewa.

Ni kaina da farko tanderu na riƙe. Hujjata ita ce abin da na'urar ke yi gashi ne, irin na tanderun gurasa, inda zafi ke kewaye abu a rufe har ya nuna. Na ce a kira ta tanderun fanka, tunda fanka ce ta bambanta ta. Na kwana biyu ina jin na gama magana. Sai wata Hajiya mai yin kek da biredi a Idi-Araba ta nuna mini cewa babban obin ɗinta ma yana da fanka a bango na baya, kuma shi ne ya fi cancantar wannan suna. Gaskiyarta. Kuma wanda ya ji tanderu, babban abu yake hangowa, mai ɗaukar faranti uku ko rabin rago. Wannan kuwa a kan tebur take zama, kusa da filas.

Inna ce ta warware mini rabin matsalar, ba tare da ta san ana muhawara ba. Ina yi mata bayanin cewa ai wannan ba suya ba ce tunda ba mai, sai ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, gyaɗar da kike ci da wane mai aka soya ta?" Na yi shiru. A kasko ake soya gyaɗa, da yashi mai zafi, ana juyawa, babu ɗigon mai. Haka ake soya aya, haka ake soya riɗi, kuma ba wanda ya taɓa cewa gasa su aka yi. Ashe suya a Hausa ta fi faɗin yadda na ɗauke ta. Akwai ta mai, akwai busasshiya. Da na zauna na yi tunani sai na ga aikin iri ɗaya ne: yashin nan zafi yake ɗauka ya kai wa ƙwayar gyaɗa ta kowane gefe, abin da fankar ke yi ke nan da zafin ƙarfe. Har girgiza kwandon da ake yi a tsakiyar dahuwa, juya gyaɗa ne a kasko. Don haka kasko ya zauna daram. Ya nuna girman abin, ya nuna a kicin yake, ya nuna irin abincin da zai fito daga cikinsa: busasshe a waje, mai ƙaras-ƙaras.

Saura rabi na biyu, kalmar da za ta maye gurbin iska. An ce turiri, amma turiri na ruwa ne, shi ke turara dambu da alala, kuma abokin gabar wannan na'ura ne, domin da zarar kin cika kwando har ruwan jikin nama ya rasa hanyar fita, abincin zai yi laushi maimakon ya soyu. An ce zafi, amma kowane kasko na zafi ne. An ce lantarki, sai dai akwai kaskon lantarki na gaske wanda ake zuba wa mai.

Daga wurin wani dattijo mai tsire a Obalende kalmar ta zo. Maigidana ya ba shi labarin abin da muke nema, sai ya ce su a sana'arsu ba harshen wuta ke gasa tsire ba. A tukuba, tsinken nama a kewayen wuta ake kafa shi, hucinta ne ke dukan sa har ya nuna. Huci. Da na ji sai na miƙe na je na kunna na'urar na sa hannuna a bayanta, inda take fitar da numfashi. Abin da ya bugi tafin hannuna ba shi da wani suna a Hausa da ya wuce wannan. Muna cewa hucin wuta, hucin rana, hucin zazzaɓi. Kalma ce da ta haɗa zafi da motsi a gaɓa biyu, kuma ba ta ɗauke da wani abin kunya.

Kaskon huci ke nan.

Na ga ƙorafi biyu, kuma duka suna da nauyi. Na farko, cewa huci ya yi kusa da huce, kada a ɗauka kaskon sanyaya abinci ne. A rubuce suna kama, amma a baki ba mai haɗa "wuta tana huci" da "tuwo ya huce". Na biyu, cewa abin bai yi kama da kasko ba ko kaɗan, ya fi kama da bokiti mai murfi. Yaya mai wannan ƙorafi, dutsen guga fa? Yau na ƙarfe ne mai igiyar lantarki, ba dutse a jikinsa, amma sunan ya bi aikin. Jirgi na ruwa ne tun asali, muka ɗora shi a kan dogo ya zama jirgin ƙasa, muka ɗaga shi ya zama jirgin sama. Keken ɗinki ba ya kai kowa unguwa. Haka Hausa ta saba yi, ta ɗauki tsohon abu da aka sani ta ƙara masa kalma guda. Masu cewa a bar shi eya firaya kamar yadda muka bar firiji da rediyo, ban ce sun yi laifi ba. Amma firiji ya kwanta a harshenmu, wannan kuwa na ga Inna ta yi tuntuɓe da shi, kuma ko an iya faɗinsa ba ya gaya wa mai saye komai.

Tunda da yawa sun tambaye ni ko ya cancanci a saya, bari in amsa da sabon sunan, mu ji ko zai ɗauki magana.

Kafin ki tambayi kuɗin kaskon huci, tambayi wutar unguwarku. Yawancinsu suna jan wat 1,200 zuwa 1,800. Ƙaramin janaretan nan da ake ajiyewa a bakin ƙofa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke shi ba ko an kashe komai na gidan. Inbata mai ƙananan batura ma wahala za ta sha. Idan kuwa kina da wuta tsayayya, lissafin ba shi da ban tsoro kamar yadda ake zato. Mai wat 1,500 idan ya yi minti 20 yana aiki, rabin yunit ya ci a mita. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo wajen 209. Ko a wannan farashi mafi tsada, cinyoyin kaza huɗu ba su wuce wutar naira ɗari da 'yan kai ba. Ki kwatanta da man da za ki zuba a kasko don soya su, da gas ɗin da zai tafi. Ni a nan na ga ribarsa. Amma ranar da aka ɗauke wuta kifi na tsakiyar nuna, dole ki koma kan risho ko gas, don haka ƙari ne a kicin, ba ya korar kowa.

Sai girman gida. Wannan shi ne abin da masu talla ba sa faɗa. Kwando mai lita 4 ko 5 abincin mutum uku ne zuwa huɗu. Gidan da ake ɗora tukunya don mutum goma sha biyu, ga baƙi daga Arewa ba sa yankewa, sai kin yi zubi huɗu, na farko ya huce kafin na ƙarshe ya fito. Naman layya kuwa kada ma a fara, wannan aikin babban kasko ne da kitsen ragon kansa. Amma ga amarya da ango, ko ɗalibi, ko mai ɗaki ɗaya a gidan haya inda hayaƙin suya ke shiga labulen maƙwabta, ko wanda likita ya ce ya rage maiƙo, yana da amfani ƙwarai.

Abin da ya fi yi mini kyau a ciki kaza ce mai fata, domin kitsenta ke soya ta. Kifin Titus ma haka, da dankalin Turawa, da agada nunanniya. Awara tana yi idan an shafa mata mai. Doya tana bushewa sai an ɗan tafasa ta tukuna. Tsire ko balangun da ya kwana, minti huɗu ya dawo da shi kamar yanzu aka sauke, kuma wannan kaɗai ya sa maigidana ya daina cewa na yi ɓarnar kuɗi. Ƙosai da fanke da waina kuwa ba nasa ba ne. Su tuya ake yi musu, ƙullu ne mai ruwa da ke bukatar mai ko tanda ta riƙe shi. Da maƙwabciyata ta ji an ce kaskon huci, ina jin da ta tsaya ta tambayi yadda huci zai riƙe ƙullun wake.

Mai sayen na hannu, wanda a nan ake ce wa tokumbo, ya juya shi ya karanta takardar da ke manne a gindinsa. Wutarmu bolt 230 ce, wanda aka ƙera don Amurka kuwa na 120 ne, kina jona shi zai ƙone. A sa mai shago ya kunna shi a gabanki, ki ji fankar na juyawa, ki duba baƙin shafen cikin kwandon ko ya fara ɓarewa. Idan ya ɓare, ki bar shi komai arharsa.

Yau kwana biyar muna gwada sunan a gidana. Yara sun riga sun gutsure shi, "Mama, a sa a huci?" suke cewa, kuma jiya ƙaramar ta ce kazar huci take so ba ta mai ba. Abin da nake roƙo yanzu, 'yan uwa na Sakkwato da Zariya da Bauci da Damagaram, ku faɗa mini ko huci na da wata ma'ana a bakinku da za ta ɓata sunan, tun kafin ya yi nisa. Inna dai da safen nan ta leƙo kicin ta ce in ɗumama mata sauran balangun jiya a kaskon hucin nan, kuma ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.