Masu jaka a ciki da mannewar hanji, me kuke ci?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata 5 ke nan da aka yi min tiyata aka fito min da ƙaramin hanji ta ciki, ina ɗauke da jakar da bayan gida ke sauka a cikinta. Likita ya ce hanjina ya mammanne saboda tabon aiki har 3 da aka yi min. Makon jiya na ci 'yar gyaɗa, cikina ya dinga murɗa, awa 5 ko ɗigo bai sauka a jaka ba. Tun ranar nake tsoron abinci, har na rame. Don Allah ku da kuka riga ni, yaya kuke yi?

Mai shekara 7 da jaka: Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Ni masara ce ta kwantar da ni kwana 4 a asibiti, da tiyo a hanci ana zuƙe min ciki. Inda hanji ya manne, hanya ta ƙuntata, abu mai ɓawo ko zare nan yake cunkushewa. Shi ya sa na bar gyaɗa, masara, kwakwa, ɗanyen kabeji da zaren mangwaro. Tumatir sai na ɓare, lemu ruwansa kawai nake sha. Amma abin da ya fi yi min amfani shi ne tauna. Ina tauna loma sai ta narke a baki kafin in haɗiye, ana tashi daga cin abinci a bar ni ina kai, ban damu ba. Ina ci kaɗan-kaɗan sau 6 a rana: farar shinkafa, dankali ba ɓawo, ƙwai, kifi, ayaba nunanniya. Sabon abu kuwa ɗaya nake gwadawa, cokali 2, in jira kwana biyu.

Wani ɗan'uwa: Ki lura da ruwa. Babban hanji ne ke tsotse ruwa da gishiri, mu kuma abincinmu ba ya kaiwa can. Na yi ta kwankwaɗar zallan ruwa, jaka tana cika, jiri yana ɗibata, sai da nas ta sa ni kan ruwan gishiri da sukari ina kurɓa a hankali. Fitsarina nake dubawa, in ya yi duhu na san da saura.

Mai jinyar mahaifiya: Mamana idan jaka ta tsaya, muna dakatar da abinci mai tauri, ta yi wanka da ruwan ɗumi, ta kwanta ta jawo gwiwa zuwa ƙirji, in shafa mata gefen wurin da hanjin ya fito. Maganin sa zawo kuwa likita ya hana mu sam. Da zarar amai ya zo, ko cikin ya kumbura, ko an kai awa 6 shiru, asibiti muke nufa ko tsakar dare ne.

Mai tambaya: Na gode, wallahi kun sanyaya min rai. Yaya, ganye fa? In an dafa shi ya yi lugub an niƙa, kina iya ci?