Karatun binciken laifuka a jami'ar coci: yadda ta kaya a zauren tsofaffin ɗalibai na Gusau

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan ajinmu. Yau raina a ɓace yake, ku bari in amayar. Ɗiyar ƙanwata ta samu gurbi a wata jami'a mai zaman kanta, mallakar wani coci, har da sassaucin kuɗin makaranta. Shari'ar masu laifi za ta karanta, wato yadda ake bincike, a gurfanar, a hukunta, a gyara hali. Jiya baffanta ya zo ya ninke takardar gurbin ya sa aljihu, wai ɗiyarsu ba ta zuwa inda ake kiɗa ranar Lahadi. Mutumin da tun rasuwar ubanta bai taɓa sai mata ko biro ba! Ni dai na ce karatun nan babu ruwansa da addini, manhajar NUC, hukumar kula da jami'o'i, ce ake koyarwa ko'ina. Ko na yi ƙarya?

Malam Na Tsafe: Wa'alaikumus salam. Baban Ummi, tsaya tukuna. Mi ka ce za ta karanta? Shari'a? A coci? Subhanallahi.

Baban Ummi: Malam, na yi bayani ai. Shari'ar masu laifi, irin ta kotu.

Malam Na Tsafe: To kar ka ƙara kiranta shari'a. Shari'a ta Allah ce. Wannan doka ce, mutane sunka zauna sunka rubuta abinsu.

Barista: Allah gafarta Malam, to in an ce "Ma'aikatar Shari'a" ko "an ɗage shari'ar zuwa wata mai zuwa" fa? Kullum haka ake faɗa a rediyo, ba ka taɓa kiran tashar ka gyara musu ba. Kuma bari in ware muku: wannan karatu ba na lauya ba ne. Lauya shekara biyar yake yi, ya wuce makarantar horar da lauyoyi. Wannan shekara huɗu ne, ana ƙarewa a nemi aikin ɗan sanda, NDLEA, EFCC, Sibil Difens ko gidan gyaran hali. Abin da za ta haddace ai dokokin ƙasa ne: Final Kod, dokar hukunta laifuka da Arewa ke aiki da ita tun 1960, da dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, da ta 2019 wadda ta sauya wa gidan yari suna.

Malam Na Tsafe: Ka ga ka faɗa da bakinka. Final Kod. Ita ce Turawa sunka bar muna don a danne ta Allah.

Ɗan Kaura: Allah ya saka wa Yarima. A 1999, yana gwamnan Zamfara, ya tsaya a Gusau ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci, duniya ta yi caa, bai ja da baya ba. Mu ne na farko a Najeriya, ko an ƙi ko an so.

Hajiya Maman Abba: Na farko a me? Bayan hannun Buba Jangebe da aka yanke a 2000, a kan satar saniya, hannun wane babban mutum aka taɓa? A garin nan na Jangebe kuma aka kwashe 'yan mata daga makaranta a 2021. Ku daina ɗaga mana ƙirji.

Ɗan Kaura: Hajiya, kin shigo da siyasa. Mun san gidan da kike.

Hajiya Maman Abba: Gidan ubana nake, Ɗan Kaura. Kai da ka canza hula sau uku kafin zaɓe.

Baban Ummi: Jama'a, maganar yarinya nake yi don Allah. An bar jaki ana dukan taiki.

Yakubu Zuru: Ni kaɗai ne Kirista a zauren nan, bari in ce wani abu. Tare da ku na yi sakandare, a asembili ana addu'ar Musulunci ina tsaye, ban musulunta ba. Ita ma ba za ta zama Kirista don ta zauna a aji ba. Amma Baban Ummi, kar in ɓoye maka, da yawa cikin irin waɗannan jami'o'i halartar sujada a coci dole ce, har suna ake kira. Kafin ku biya ko sisi, a samo littafin dokokin ɗalibai a karanta: akwai wurin salla? An yarda da hijabi? Ranar Juma'a ana barin su fita? Jami'o'in ba ɗaya ba ne. Babcock ta 'yan Adventist ce, su Asabar suke ibada. Bingham ta ECWA ce, Veritas ta Katolika.

Malam Na Tsafe: Kun ji ko? DOLE. Shi da kanshi ya faɗa.

Yakubu Zuru: Malam, na rubuta layi takwas, ka tsinci kalma ɗaya.

Ɗan Kaura: Ku dai mutanen Kabi kullum da sanyin jiki. Mu a Zamfara ba a yi muna haka.

Yakubu Zuru: Kabi ma tana da kotunan Musulunci, ƙanena. Fita ka ga duniya.

Oga Sani: Ni dariya kuke ba ni. Shekara nawa ina aikin gidan gyaran hali. Ku zo ku ga ɗakin masu jiran shari'a, su ne suka fi yawa a duk ƙasar. Akwai yaron da ya zo kan wayar hannu, fayil ɗinsa ya ɓace tsakanin ofishin 'yan sanda da ma'aikata, duk ranar kotu ya wanke riga ɗaya tilo ya shanya a taga, ba a kira sunansa. Mai bincike da ya san aikinsa muke nema, ko a ina ya yi karatu.

Malam Na Tsafe: "Masu jiran shari'a" kuma! Kai ma ka shiga sahunsu.

Oga Sani: To Malam mi zan ce? Masu jiran Allah?

Hajiya Maman Abba: Wallahi na fashe da dariya a cikin Keke Napep.

Alhaji Ɗanjuma: Ai Sardauna ma a hannun 'yan mishan ya yi karatu, bai hana shi zama Sardauna ba.

Barista: A'a Alhaji. Kwalejin Katsina ya yi, ta gwamnati ce, ba ta mishan ba.

Alhaji Ɗanjuma: Turawa ne dai suka koyar da shi. Duk ɗaya.

Ɗan Kaura: A cire sunan Gamji daga wannan magana, ko in fita daga zauren.

Barista: Baban Ummi, in baffan ya kafe, NOUN, jami'ar karatu daga gida, na yin irin wannan kwas ɗin, sunansa nazarin laifuka da tsaro, tana iya yi daga gida. Sai dai sassaucin kuɗin ya tafi ke nan.

Baban Ummi: Yarinya mai shekara 17 ta zauna gida tana karatu a waya? Ba don wannan ta kwana tana karatun JAMB ba.

Shugaban zaure (Alhaji Ɗanjuma na biyu, Sabon Gari): To jama'a, dare ya yi, zan taƙaita. An fahimci cewa yawancin 'yan zaure suna ganin hankalin baffa ya fi, domin har ɗan'uwanmu Yakubu ya tabbatar da cewa shiga coci dole ne a can. An kuma amince a daina kiran wannan karatu shari'a, kamar yadda Malam ya karantar da mu, Allah ya ƙara masa lafiya. Barista ya kawo mafita, yarinya ta yi NOUN. Hajiya kuma a rage siyasa. Na rufe zaure sai bayan asuba.

Yakubu Zuru: Shugaba, "da yawa" na ce, kuma cewa na yi a je a duba. Wane ne ya amince da

(Shugabanni kaɗai ke iya aika saƙo a wannan zaure.)