Yaron da Bai Kalli Alƙali a Ido Ba

Maman Biyu:
Assalamu alaikum, masu alƙalami. Na kammala littafin House Rules na marubuciyar Amurka Jodi Picoult, wanda ya fito a 2010. Labarin Jacob ne, ɗan shekara 18 mai lalurar otizim (lalurar da ke sa hira da mu'amala da mutane su yi wa mutum wuya), da aka tuhuma da kisan malamarsa a jihar Vermont. Ga abin da ya tsaya mini a rai, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah zan fara zance,
Sarkin da bai manta da kowa ba.

Jacob yana son binciken laifi,
Babu sawun da bai bi da ido ba.

Jess ke koya masa gaisuwa da hira,
Ran nan ta ɓace, ba a gan ta ba.

Aka tsinci gawa cikin bargo,
Uwa ta gani, ba ta musa ba.

Bargon ɗanta ne a talabijin,
Ta kira 'yan sanda, ba ta ɓoye ba.

Ana so ya dubi mutum cikin ido,
Shi ko bai saba da kallo ba.

Muryarsa ɗaya, ba hawa ba sauka,
Aka ce ai bai ji tausayi ba.

Yana kaɗa hannu, jiki na rawa,
Aka ce mai gaskiya bai yi haka ba.

Duk abin da ya sa aka zarge shi
Da shi ya tashi, bai zaɓa ba.

Ku faɗa mini, 'yan uwana,
Yaya shari'ar wanda bai iya kuka ba?

Malam Na-Ƙofar Mata:
Hajiya, na ji, na kuma amsa,
Baitinki ya taɓa mini zuciya.

A can, wanda ya kau da idonsa
Sai su ce yana shirya ƙarya.

A nan, yaron da ya kafe babba da ido
Shi muke cewa ba shi da kunya.

Ido ɗaya, hukunci iri biyu,
Ashe ido ba ya auna gaskiya.

Amma kada mu tsaya zagin Turawa,
Namu aibin na nan a baya.

Yaron da ba ya amsa kiran suna
Sai a ce aljanu, a kai shi ruƙiyya.

In ya girma yana yawo a unguwa,
Yara na jifa, manya na dariya.

Ran da aka yi sata a layi
Shi ake fara damƙa, ba tambaya.

Sai ya ce "e" ga duk abin da aka ce,
Don ya tsira daga tsawa da hayaniya.

Hadisi ya ɗora hujja kan mai da'awa,
Fuska ba ta zama shaida a shari'a.

Nas 'Yar Fagge:
Baba Malam, Hajiya, ku gafarce ni, ni littafin ya ɓata mini rai a wuri biyu.

Hajiya, ban raina hawayenki ba,
Amma ni ina da ƙorafi.

Emma, uwar Jacob, kan lalurar ɗanta
Tana zargin allurar rigakafi.

Wannan zance daga Ingila ya yaɗu,
Wani likita, Wakefield, ya ba shi ƙarfi.

A 1998 mujallar Lancet ta buga,
A 2010 ta janye, ta gano da laifi.

Aka soke sunansa daga likitoci
A shekarar da aka buga littafi.

Mu da muka ga 2003 a Kano,
Da aka dakatar da ɗigon rigakafi,

Shan inna ta dawo, ta bazu ƙasashe,
Yara suka gurgunce, abin da zafi.

In an sa magana a bakin uwa mai kuka,
Mai karatu zai haɗiye har da dafi.

Na biyu, Jacob mai kaifin ƙwaƙwalwa ne,
Yana magana, yana gardama da kaifi.

Waɗanda iyaye ke kawo mana asibiti,
Wasu sai da hannu suke nuna nufi.

In an kama irinsu, wa zai fassara
Kafin a rubuta sun amsa laifi?

Lauyan Sabon Gari:
Anti Nas, na karɓi ƙorafinki,
Bari in bar ƙage in shiga kundin kotu.

Virginia, 2010, Neli Latson,
Ɗan 18 mai otizim, yana jiran a buɗe ɗakin karatu.

Baƙar fata ne, wani ya kira 'yan sanda,
Wai da bindiga; aka duba, babu.

Ɗan sanda ya tare shi, aka yi kokawa,
Jami'in ya ji rauni, yaro ya shiga hannu.

Shekaru ya yi, har da ɗakin kaɗaici,
Sai 2015 gwamna ya fid da shi daga kurkuku.

A Florida, 2016, wani mai lalurar
Da mai kula da shi, aka kewaye su.

Mai kulawar ya kwanta, ya ɗaga hannuwa,
Yana ihun motar wasa ce kawai gare su.

Duk da haka aka harbe shi a ƙafa,
Sannan aka sa masa ankwa a hannu.

Ingila, ƙarƙashin dokarsu ta 1984,
Ana kawo babba ya zauna da irinsu,

Kafin ɗan sanda ya fara tambaya,
Don kada a sa magana a bakinsu.

Mu ma dokar masu buƙata ta musamman
An sa mata hannu a 2019, mun samu.

Amma ka tambayi masu ɗaukar jawabi,
Mutum nawa suka san otizim a cikinsu?

Mafi yawan da ke gidan yari a ƙasar nan
Jira suke yi, ba hukunci a kansu.

Wanda ƙarar fanka kaɗai ke firgita shi,
Yaya zai kwana cikin cunkoson kurkuku?

Ɗan Autan Zazzau:
Wanda bai karanta littafin ba ya tsallake ni, zan tona ƙarshe.

Ni Theo ya tsaya mini a wuya, Baba,
Yaron da ya zo duniya a ƙani,

Amma shi ke ɗaukar nauyin yayansa,
Gida na juyawa kan Jacob dare da yini.

Yana shiga gidajen mutane a ɓoye
Don ya ɗanɗani zaman gidan wani.

Dokar gidansu ta ce kula da ɗan'uwanka,
Jacob ya riƙe ta, ba sauyin tunani.

Ya ga alamun Theo a inda Jess ta faɗi,
Ya gyara wurin don kar kowa ya sani.

Wanda aka ce ba shi da tausayi
Shi ya miƙa wuyansa don ya ceci ƙani.

Lauya ya ce a kira shi mai taɓin hankali
Don ya kuɓuta. Wannan wane irin magani?

Sannan aka rufe littafi ba hukunci,
Na ji haushi, an bar mu ba bayani.

Maman Biyu:
Ƙanwata Nas, a ci gaba da ɗigo,
Wannan ba abin jayayya ne a gare ni ba.

Barista, kai nake wa tambaya,
Don uwar da ba ta san ƙofar lauya ba:

In an zo da dare an tafi da ɗanta,
Me za ta ce da ba za a kore ta ba?

Lauyan Sabon Gari:
Hajiya, sashe na 35 na tsarin mulki
Ya ba wanda aka kama damar yin shiru,

Har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa,
Uwa na cikin waɗanda zai zaɓa su.

Ta tafi da takardar asibiti a jaka,
Ta nemi shugaban ofis, ta nuna musu.

Ta ce kar ya dangwala yatsa a takarda
Sai lauya ya karanta duk rubutu.

In ba kuɗi, ta je Hukumar Ba da Agajin Shari'a,
Aikinsu ne tsaya wa talaka a kotu.