Fim ɗin ambaliyar Nima na minti ɗaya: na'ura kaɗai za ta iya?

Sadiku: Salamu alaikum. Ni ina nan a kan bakana: ɗan gajeren fim na yaron da ambaliya ta rutsa da shi a unguwar Nima ta birnin Accra har ya tsira ba ya buƙatar kyamara ko ɗan wasa. Ƙirƙirarriyar basira ta wadatar. Veo na Google yana fitar da bidiyo na daƙiƙa 8 har da sauti. Ka jera guntu takwas, ka wuce minti ɗaya.

Malam Awudu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, haɗa bidiyon biki sana'ata ce, ka saurare ni. Matsalar tana wajen jerawar. A guntun farko yaron na da jar riga, a na gaba ta koma ruwan goro, hancinsa ma ya sauya. Irin wannan fim, ran mai kallo yana rataye ne a kan mutum ɗaya. Da zarar fuska ta canza, fargabar ta tafi.

Sadiku: Malam, ai yanzu ana ba na'urar hoton yaron tun farko, ta riƙa bi. Kuma wace uwa ce za ta bari a tsoma ɗanta a babbar kwata don fim?

Malam Awudu: Nan kam ka yi gaskiya.

Hajiya Rabi: Sadiku ɗana, na kalli gwajin da ka turo. Wannan ruwan ba namu ba ne, garai-garai yake. Ruwan kwatar Nima da ke gangarawa kogin Odaw baƙi ne, da ledojin fiya-wata da silifas suna yawo a kai. Ranar 3 ga Yunin 2015, da ruwa da wuta suka haɗu a gidan man da ke shataletalen Circle a Accra, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A gidanmu daren nan mita muka fara kashewa, muka ɗora yara kan kabad, maza suka jingina buhunan yashi a bakin ƙofa. Yaronka kuwa iyo yake yi hankali kwance. Wa ke iyo a wannan ruwan? Abin kamawa ake nema.

Sadiku: Amin, Hajiya. To ki ba ni labarin, in rubuta wa na'urar shi dalla-dalla.

Zulai: Yaya Sadiku, ni tsorona daban ne. Damina ta sauka wani ya yanke guntun, ya watsa a WhatsApp ya ce yanzun nan a Mamobi, maƙwabciyar Nima. 'Yan'uwa a Kumasi su tashi hankali. Rubutun da ke cewa na'ura ce ta yi ya zauna a jikin hoton har ƙarshe.

Malam Awudu: Shawarata: fuskar yaro mu ɗauka da waya a tsakar gida, muryar Hajiya ta ɗauki labarin, ruwan kaɗai mu bar wa na'ura.

Sadiku: Malam, wannan ya zama fim ɗinka. Bari in yi nawa, ka yi naka, mu nuna wa Hajiya ba tare da ta san na wa ba ne.

Hajiya Rabi: Ku zo Asabar bayan La'asar. Ku taho da abin ɗaukar murya.