Faratikal ɗin kemistiri: ya kuka yi da garin nan da ba shi da suna?

'Yar Daura SS3:
Salamu alaikum. Don Allah waɗanda suka yi WAEC ko NECO ku taimaka min, ni taitireshin (ɗiga asid a alkali ana auna yawansa) ba ya ba ni tsoro don lissafi ne, amma wanda za a miƙo maka gari a ce sunansa C kawai, ka gano abin da ke ciki shi ke hana ni barci. Sau biyu kawai muka shiga lab tun SS1. Jiya na narka garin na ɗiga ruwan NaOH (sodiyom haidiroksayid), wani fari ya fito kamar kamu, na ƙara sai ya ɓace ruwan ya koma garau, na rubuta Zn2+, malam ya ce ban gama ba, kafin shi yi bayani aka kaɗa ƙararrawa. Mi na rage?

Malamin Kimiyya Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Malaminki ya yi gaskiya. Su uku ne ke yin haka da NaOH, Zn2+ (zink) da Al3+ (aluminiyom) da Pb2+ (dalma), duk fari ne kuma duk suna narkewa in kin ƙara. Amoniya ke fitar da ɗaya: ki ɗebi sabon ruwan garin ki ɗiga mata, in farin ya narke da kika ƙara to zink ne, in ya ƙi narkewa saura biyu. Sai ki kawo KI (fotasiyom ayodayid), dalma za ta ba ki ruwan ɗorawa shar, aluminiyom ko gezau. Shekaruna da yawa ina wannan aiki kuma abin da ya fi ci min rai shi ne yaro shi ɗauki kwalba shi tuttula gaba ɗaya, farin ya fito ya narke cikin ƙiftawar ido bai gani ba, sai shi rubuta ba abin da ya faru, alhali a ɗigo biyun farkon nan makin yake. Ɗigo ɗigo tukuna, ki girgiza, ki rubuta, sannan ki ƙara.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Mu namu ruwa ne ya kashe mu wlh. Ranar gwajin mok distil wota, wato tataccen ruwan lab, ya ƙare aka ɗebo na bohol a jarka, muka wanke tes-tub da shi muka narka gari da shi. Duk wanda ya sa HNO3 da AgNO3, gwajin kulorayid kenan, sai ya ga fari-fari kamar madarar da ta tsinke, ajinmu kaf muka rubuta kulorayid, ashe a ruwan yake, garin salfet ne. Na yi baƙin ciki sosai don na yi karatu. Ƙanwata duk ruwan da aka ba ki fara zuba shi kaɗai a tub ki ɗiga masa AgNO3, in ya yi hazo ki kira malam tun kafin ki fara.

Malama daga ƙauyen Daura:
Ni inda nake koyarwa ba mu da kaya sosai, kasuwa nake zuwa. Kanwa nake saye in ɗiga mata HCl mai ruwa-ruwa, tana tashin kumfa sai mu bi da iskar cikin laim wota (ruwan kalsiyom haidiroksayid) ya koma fari, shi ke nan sun ga kabonet da idonsu, kanwar da iyayensu ke sa wa a kunu. Alif ɗin da ake tace ruwa da shi kuma abu biyu yake ba ni, Al3+ da salfet, in ka sa masa BaCl2 fari ya kwanta kuma HCl ba ya narkar da shi. Gishirin miya a harshen wuta ruwan ɗorawa yake bayarwa, sodiyom kenan. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ranar alif ita ta fara cewa Malama bai narke a amoniya ba, har yau ina tuna fuskarta. Amma fa a lab kaɗai, kar ki je gida ki taɓa asid.

Ɗalibin Jami'a Katsina:
Nawa kuskuren a Fe2+ (ayon na ƙarfe) ne. Na ga kore mai datti kamar gansakuka, na ajiye tub na tafi wata tambaya, da na dawo samansa ya koma kalar tsatsa sai na goge na rubuta Fe3+, ban san iska ce ta juya shi ba. Abin da ido ya fara gani shi ake rubutawa nan take. Wanda ban mantawa kuma shi ne Cu2+ (jan ƙarfe), shuɗi mai haske, kana ƙara amoniya ya narke ya zama shuɗi tsantsa kamar baban marina, ranar na fara son kemistiri da gaske.

Malamin Kimiyya Ƙofar Ƙaura:
Na manta NH4+, wato amoniyom. In kin sa NaOH ba ki ga komai ba kar ki zubar, ki ɗumama kaɗan ki riƙe jan litmos mai laima a bakin tub, in ya koma shuɗi amoniya ce ta fita. Kar ki kai hanci, da hannu ake fifito warin.

'Yar Daura SS3:
Allah shi saka da alheri baki ɗaya. Yau na roƙi malam ya buɗe mana lab a lokacin tara, na sa amoniya farin ya ƙi narkewa, na sa KI ba ruwan ɗorawa, na rubuta Al3+ ya ce daidai ne. Saura naitiret, zoben nan mai ruwan ƙasa da ke fitowa a tub in akwai naitiret, sau biyu ina yi bai fito ba, Malam ko FeSO4 ɗin ne ya daɗe da haɗawa?