Darasin aji ne ya tsare majalisar Jamus, ko tsarin mulki?

Malamar sakandare: Ina nan kan bakana, ilimin zama ɗan ƙasa ne ya riƙe dimokuraɗiyyar Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tun 1952 gwamnatin tarayya ta kafa hukuma takanas domin wannan aiki, wadda yau ake kira bpb, wato hukumar tarayya ta ilimin siyasa.

Malamin tarihi: Malama, ai Jamhuriyar Weimar, dimokuraɗiyyar Jamus ta kafin Hitler, ita ma ta koyar. Sashe na 148 na tsarin mulkin 1919 ya sa darasin a makarantu, har ya ce a ba kowane ɗalibi kwafin kundin idan ya gama. Amma ranar 23 ga Maris 1933 majalisa ta miƙa wa gwamnatin Hitler ikon yin doka, ƙuri'a 444 da 94.

Malamar sakandare: Su wa suka koyar, Malam? Da yawansu zuciyarsu na wajen sarautar da ta faɗi a 1918. Raba kundi daban, koyarwa daban. Dubi ƙa'idojin koyar da siyasa da masana suka tsayar a garin Beutelsbach a 1976: kada malami ya ɗora wa ɗalibi ra'ayinsa, abin da ake saɓani a kansa a siyasa, a kawo shi aji da saɓaninsa, sannan ɗalibi ya iya auna lamari ya gane inda maslaharsa take.

Lauya: Ku gafarce ni, katangar da ta tsare majalisa tana cikin kundin tsarin mulkin 1949. Sashe na 67 ya hana majalisa tsige shugaban gwamnati sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'a guda. A 1972 jagoran adawa Barzel ya gaza kayar da shugaban gwamnati Brandt, ƙuri'a biyu ya rasa. A 1982 jagoran adawa Kohl ya kayar da shugaban gwamnati Schmidt ya gaje shi, ƙasa ba ta kwana babu gwamnati ba. Ga kuma shingen kashi 5 cikin 100 na dokar zaɓe, wato ƙuri'un da jam'iyya ke buƙata ta shiga majalisa, ga kotun tsarin mulki da ta haramta jam'iyyar SRP mai aƙidar Nazi a 1952.

Malamin tarihi: Barista, doka ba ta tsare kanta. A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyyar AfD mai adawa da shigowar baƙi ta samu kashi 20.8, ta zo ta biyu. Shingen kashi 5 bai shafe ta ba, darasin ma bai hana ba.

Malamar sakandare: Inda ake tuntuɓe ke nan. Wasu malamai suna ɗaukar ƙa'ida ta biyu tamkar umarnin yin shiru, ɗalibi ya wulaƙanta baƙi a aji, su ce ra'ayinsa ne. Alhali mutuncin ɗan Adam, sashe na 1 na kundin tsarin mulki, ba ya cikin abin da ake saɓani a kai. Ana iya gardama kan yawan baƙin da za a karɓa, wannan halal ne, kuma aji ne wurin koyonsa.